TUKUNYAR LANTARKIN DA TA KUSA JA MINI ABIN FAƊA A GIDAN MIJI

 Yau kam ba labarin soyayya na zo muku da shi ba irin wanda kuka saba gani a littattafaina. Labarina ne ni da wata tukunya, wadda ta ba ni hutu, ta kuma sa na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba tun da aka kawo ni gidan miji. Tukunyar nan kuwa ita ce ta dafa shinkafa da wutar lantarki, wadda 'yan boko ke ce wa rais-kuka. Na lura yanzu ta fara shiga jeren amare a nan Gusau har su Tsafe da Bungudu, a ɗora ta kusa da kuloli tana ƙyalli, alhali amaryar ba ta san hawanta ba balle saukarta. To ni na sha wuya kafin in sani, shi ya sa na ce bari in faɗa muku, don in kunne ya ji jiki ya tsira.

ARAHA BA TA ADO

Ni haifaffiyar Tsafe ce, a can na gama sakandare, aka ɗaura mini aure cikin watan Disamba 2023 aka kawo ni Tudun Wadar Gusau. Lokacin kuwa kun san halin da ake ciki, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar komai ya tashi, kananzir ya gagari masu risho, gas sai wane da wane, icce kuwa tun da 'yan bindiga suka hana mutane shiga daji hankali kwance ya zama abin lallaɓawa. Don haka da Yayana da ke zaune a Kano ya aiko mini da tukunyar lantarki cikin gudunmawarsa, sai na ji kamar in taka rawa don murna. A wajen wani mai gwanjo ya saye ta da araha, fara sol, ba ko ƙwarzane a jikinta.

Ranar da na fara shiga kicin sai na ce yau zan burge Yallaɓai. Na wanke shinkafata na zuba, na zo zan jona sai na ga bakin filoginta bai yi daidai da soket ɗinmu ba, nasa siraran ƙarafa ne masu faɗi, namu kuwa mai ƙafa uku ne. Maimakon in tsaya in tambaya, sai na ɗauko irin ɗan mahaɗin nan da muke cajin waya da shi na cusa. Ai kuwa ba a jima ba sai na ji ƙauri, kafin in ankara hayaƙi ya fara fitowa ta gindinta, na ji fat! Shi ke nan tukunya ta mutu, amarya ta koma hura gawayi da lalle a hannu.

Da Yallaɓai ya kai ta wajen mai gyara, sai ya kifa ta ya nuna masa wata 'yar takarda da aka manna a ƙarƙashinta, an rubuta 120V. Ya ce wannan don Amurka aka yi ta, can ƙarfin wutarsu ke nan, mu kuwa tamu 220 zuwa 240 ce, in ka jona ta a nan zafin da za ta yi ya kusa ninki huɗu na wanda aka gina ta a kai, dole ta ƙone. Kun ji darasi na farko, rashin sani ya fi dare duhu.

ASHE MACE CE TA SHA WAHALARTA

Kafin mu sayi ta biyu sai na ce sai na san asalin abin nan. Na shiga bincike a waya, abin da na gano ya ba ni mamaki ya kuma ba ni tausayi. A ƙasar Japan aka fara fitar da tukunyar shinkafa mai kashe kanta, kamfanin Toshiba ne ya sa ta kasuwa a 1955. Kafin nan matan Japan kamar mu suke, su tashi da duku-duku su hura murhu su zauna gadin shinkafa cikin hayaƙi. Mutumin da aka ba aikin ƙera ta sunansa Yoshitada Minami, amma shi bai iya dafa shinkafa ba, matarsa Fumiko ita ce ta yi ta dafawa dare da rana, cikin sanyi da cikin zafi, tana auna zafin tukunya tana rubutawa, har lafiyarta ta taɓu. Allah Sarki, ko'ina dai mace ita ce da wahalar murhu.

Yadda irin wadda muke saye yanzu take aiki kuwa ba sihiri ba ne. Muddin akwai ruwa a tukunya yana tafasa, zafinsa ba ya wuce digiri 100. Da zarar shinkafa ta shanye ruwan sai zafin gindin tukunyar ya haura. A tsakiyar farantin da ke ba da zafi akwai wani ɗan maɓalli zagayayye mai lotsawa, a cikinsa akwai maganaɗisu, da zafin ya haura sai maganaɗisun ya saki, ki ji ƙas, fitilar dahuwa ta mutu ta ɗumi ta kama. Kenan tukunyar ba ta san ko shinkafarki ta dahu ko ba ta dahu ba, abin da ta sani kawai ruwa ya ƙare. Ki riƙe wannan, don duk iya amfani da ita a nan yake.

IN ZA KI SAYA

Ta biyun da ƙafata na bi Yallaɓai muka shiga kasuwa a nan Gusau, kuma ga abin da na duba, ke ma shi za ki duba.

Na farko ki kifa ta ki karanta takardar ƙasanta. Lambar da ke gaban harafin V ta zama 220 zuwa 240. In kin ga 100 ko 110 ko 120, ki ajiye ta ko kyauta aka ba ki.

Na biyu lambar da ke gaban harafin W, ita ce yawan wutar da take ja. Ƙarama mai lita 1 tana jan wajen 400 zuwa 500, mai lita 1.8 wajen 700, babba mai lita 2.8 kuwa takan kai 1000. Amfanin sanin wannan shi ne, ɗan ƙaramin janaretan nan da ake sa wa mai gauraye da baƙin mai, ƙarfinsa bai wuce wajen 650 ba, ba zai ɗauki mai 700 ba, in kin matsa masa ki kashe wa maigida inji ki ja wa kanki magana. In sola gare ku, ki tambayi wanda ya haɗa muku ko inbatarku za ta ɗauka.

Na uku girma. Kowace tukunya tana zuwa da ɗan kofinta na awo, cikinsa mililita 180, ya ɗan ɗara ƙaramin gwangwanin madarar ruwa. Mai lita 1 tana cin kofi biyar na ɗanyar shinkafa, ta ishi amarya da ango da ɗan baƙo. Mai lita 1.8 kofi goma, ita na saya, don gidanmu ba ya rabo da dangi. In gidan yawa za a kai ki inda ake dafa tiya guda a zama ɗaya, kada ki wahalar da kanki, tukunyar ƙarfe da murhu su ne naki.

Na huɗu ki ciro tukunyar ciki ki ɗaga ta ki ji nauyinta. Mai kauri ta fi ƙarko, marar nauyi kamar gwangwani saurin lanƙwasa gare ta. Ki shafa gindinta ki tabbata ba lotsawa, ki mayar ki juya ta ki ji ta zauna daram. Ki danna maɓallin tsakiya ki ga yana dawowa. Sannan kada ki ji kunya, ki sa mai kanti ya zuba ruwa kaɗan ya jona a gabanki, ki kuma karɓi rasit. Ni na fi son marar tarkace, mai maɓalli ɗaya, don masu allon lambobi sun fi tsada, kuma ba su cika jure wutarmu mai hawa da sauka ba.

YADDA NAKE DAHUWA

Shinkafarmu ta gida, irin wadda ake nomawa a fadamun Bungudu da wajen madatsar ruwan Bakalori ta su Maradun da Talata Mafara, ta fi gardi, amma sai an rege. A wata ƙwarya ko roba za ki rege ki wanke, ba a cikin tukunyar ba, don tsakuwa ɗaya ta isa ta kankare baƙin shafen nan da ke hana kamu.

Layukan da aka zana a cikin tukunyar an yi su ne don farar shinkafar da ba a gumawa, tamu ta gumi kuwa ta fi shan ruwa. Ni kofi ɗaya na shinkafa kofi biyu na ruwa nake sawa, in sabuwar shinkafa ce in ɗan rage, in tsohuwa ce in ɗan ƙara. Ki gwada sau biyu sau uku za ki gane halin taki. Ki sa gishiri da ɗan mai cokali guda, yana rage kumfa. Kafin ki mayar da tukunyar ciki ki goge bayanta ta bushe ƙarau, ki leƙa ki tabbata ba ƙwayar shinkafa a kan farantin zafi. Ki rufe ki danna. In kin ji ƙas kada ki yi saurin buɗewa, ki bar ta minti goma zuwa sha biyar ta turara, sannan ki barbaza da cokalin roba ko na icce. Cokalin ƙarfe da sosan ƙarfe kada su kusance ta. In kin taɓa kin ji da tsatsa, ki yayyafa ruwa rabin kofi ki sake dannawa. Kada ki taɓa soka tsinke ko ki ɗora dutse ki danne maɓallin dahuwa don ya ƙi tashi, ƙona ta za ki yi.

Dafa-duka tana yi lafiya lau, sai dai ki soya kayan miyarki a gefe ki juye a ciki. Garau-garau kuwa sai kin fara dafa wake a murhu ya yi laushi, don wake ya fi shinkafa daɗewa. Tuwon shinkafa za ki iya nuna shinkafar a ciki da ruwa mai yawa, amma tuƙi sai a wata tukunyar, muciya ba ta shiga nan. In taki ta zo da ɗan kwandon turare, ƙwai da dankali da alala duk suna yi.

Ga kuma lissafin da ya sa Yallaɓai ya daina ƙorafi. Mai 700 in ta yi minti 40 tana aiki ba ta cin rabin yunit a mita. Ga ba hayaƙi, wanda ba ƙaramin abu ba ne, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, irin ta hayaƙin girki, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya. Ni kuwa ribar da na fi ji ita ce, in ɗora shinkafa in ɗauki biro, rabin littafina na uku a gefen tukunyar nan na rubuta shi.

In aka ɗauke wuta kina tsakiyar dahuwa, ki juye shinkafar a tukunyar gida ki ƙarasa a gawayi. Kada ki ɗora tukunyar ciki a kan wuta, gindinta zai karkace, ba za ta ƙara zama daidai ba. In wuta ta zo ba ƙarfi, dahuwar za ta daɗe, ki yi haƙuri ko ki koma murhu. A soket ɗin bango za ki jona, ba a siririyar wayar ja ba, don narkewa take. Kada ki ajiye ta a ƙasa inda yara ke rarrafe, kada ki rufe kafar tururi da tsumma, kada kuma ki taɓa filogi da jiƙaƙƙen hannu.

RANAR DA NA YI KUKA

To yanzu ga inda gizo ke saƙa. Bayan ƙaramar sallar 2024, ana tsakiyar zafin bazara, ƙanwar mijina Auta, 'yar shekara tara, tana zaune wajenmu tana zuwa firamare. Iyayen mijina mutanen Bungudu ne, Inna ta ba ni ita ne don ta riƙa ɗebe mini kewa. Rannan da magariba na dafa shinkafa muka ci ta yi saura, sai na ce ai ga fitilar ɗumi, bari in bar ta a ciki ta kwana. Wajen ƙarfe goma na dare aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba har gari ya waye, ni kuwa ko a jikina. Da safe na buɗe na shinshina ban ji komai ba, na juye na ɗumama a gawayi har tana tururi, na sa mai da yaji na ba Auta. Ni da Yallaɓai muna azumin Sitta Shawwal, shayi da burodi muka yi sahur da su, ita kaɗai ta ci.

Ƙarfe goma ba ta cika ba sai ga malamarsu ta riƙo ta, yarinya sai amai take kamar za ta fitar da hanjinta, idanu sun faɗa. Hankalina ya tashi, na zari mayafi ko takalmi ban daidaita ba, na tare Keke Napep muka nufi asibiti. Kafin azahar labari ya kai Bungudu, sai ga Inna da wata gwaggon mijina. Ina durƙushe ina gaishe su gwaggon nan ko amsawa ba ta yi ba, sai cewa take, dama an faɗa, amarya 'yar boko ce, ta bar girki ga na'ura ta zauna rubuce-rubucen soyayya, kuma me ya sa ita da mijinta ba su ci ba sai 'yar mutane? Wallahi 'yan uwa maganar nan ta soke ni har ƙahon zuci.

Inna ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, mi kinka ba yarinyag ga?"

Na ce, "Inna, shinkafar jiya ce, kuma wallahi sai da na ɗumama ta sosai."

Wata ma'aikaciyar jinya da ke sa wa Auta ruwa ta juyo ta tambaye ni inda shinkafar ta kwana. Da na faɗa mata sai ta girgiza kai ta yi mana bayani gaba ɗaya. Ta ce akwai wata ƙwayar cuta mai suna Basilus siriyas da ke zama a ɗanyar shinkafa, tana da wani sulke da dahuwa ba ta kashe shi. In shinkafa tana da zafi sama da digiri 60 ba ta iya komai, shi ne aikin fitilar ɗumi. Amma in wuta ta tafi, tukunya tana rufe tana hucewa a hankali cikin zafin garin nan, to an yi mata shimfiɗa, ta yi ta hayayyafa tana zuba dafi a abincin. Dafin nan kuwa ɗumame ba ya kashe shi, kuma sau da yawa ba wari ba yauƙi. Ta ce aman kan fara daga rabin awa zuwa awa shida bayan an ci, yawanci cikin kwana guda ya lafa, amma ga ƙaramin yaro ƙarewar ruwan jiki shi ne abin tsoro.

Gwaggo ta ce ai ɗumame tun kaka da kakanni ake cin sa. Ma'aikaciyar ta ce haka ne Hajiya, sau da yawa Allah kan tsare, amma yaran da ake kawo mana da amai da safe ba kowa ke tambayar abin da suka karya da shi ba.

Ni dai na fashe da kuka na ce, "Inna ki gafarce ni, laifina ne, ban sani ba."

Inna ta yi shiru can ta ce, "Tashi, bar kuka. Ba mugunta ta ba, rashin sani na. Allah shi tsare gaba."

Da la'asar aka sallame mu, aka ce mu ci gaba da ba ta ruwan gishiri da suga. Inna ta so tafiya da ita Bungudu, ina ji ina gani ba ni da bakin hanawa, sai Auta da kanta ta riƙe zanena ta ce ita wajen Anti za ta zauna. Inna ta kwana biyu tare da mu, ranar da za ta koma ta tsaya tana kallon tukunyar tana tururi ta ce, "Wagga wace irin tukunya ta, ba icce ba hayaƙi?" Na nuna mata yadda take, na zuba mata ta ci, ta ce shinkafar ta yi warara. Gwaggo kam har yau in mun haɗu a biki sai ta tambaye ni ko na'urar tawa tana nan.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka. Daidai cikinmu nake aunawa. Shinkafa ba ta ƙara kwana a tukunyar nan ba, ko da wuta ko babu, don ba ni da tabbacin wutar za ta kai asuba. In aka ɗauke wuta tana kan ɗumi, a lokacin zafi ba na bari ta wuce awa guda, a ci ko a ba maƙwabta da almajirai tun tana da zafinta. Mai firijin da ke samun wuta sosai ta baza ragowar a faranti ta huce da wuri ta sa a ciki, washegari ta ɗumama sau ɗaya tak har ta yi zafi ciki da waje. Wadda ta riga ta kwana a waje kuwa, kada a ce a ba yara ko almajiri, abin da ba za ki ba ɗanki ba kada ki ba ɗan wani.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, kada ku ce tunda ga tukunyar lantarki ba sai kun koyi hura wuta ba. Ku tsaya kusa da iyayenku ku iya murhu da gawayi, ku iya rege shinkafa da tsame ta, don ranar da baƙi suka cika gida aka ɗauke wuta, abin da kika koya a gaban Umma shi zai fid da ke kunya.

Wadda ke da tambaya ko wadda irin wannan ta taɓa samunta, ta rubuto ta hannun Edita, in Allah ya so zan amsa a fitowa ta gaba. Allah ya ba 'yan matanmu mazaje nagari, ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.

Taku har kullum, daga Tudun Wada, Gusau.